Jirgin da Ba Shi da Jela

[KIƊAN BUƊE SHIRI]



Duk wanda ya taɓa raka maniyyaci filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, ko na Diori Hamani da ke Yamai, ya san abin da ido ke fara hangowa daga nesa: jelar jirgi. Ita ce a tsaye ƙiƙam can baya, ta fi komai tsawo, a jikinta kamfani ke zana tambarinsa. Ƙarƙashinta kuma ga wasu ƙananan fikafikai biyu a kwance. Daga ɗan jirgin feshin gona har zuwa babban jirgin alhazai siffar ɗaya ce: doguwar ganga, fikafikai a tsakiya, jela a baya.

To, an yi waɗansu injiniyoyi da suka ƙarar da rayuwarsu suna cewa a cire jelar nan, a cire gangar ma, a bar fiffike zalla. Matuƙi ya zauna cikin fiffiken, inji ya shiga cikin fiffiken, mai da kaya duk a ciki. Sun ƙera irin wannan jirgi, ya kuma tashi, wasu sun rasa rayukansu wajen gwada shi. Yau za mu bi diddigin yadda yake iya tsayuwa a iska, da abin da hakan ke ci.

[KIƊA KAƊAN]

Kafin a cire abu, ya kamata a san aikinsa. Fiffiken jirgi yana da ɗan doro a sama, bakinsa na gaba mai kauri, na baya siriri. In ya keta iska yakan karkatar da ita ƙasa, ita kuma ta tura shi sama, wannan turawar ce ke ɗauke da jirgin. Sai dai fiffike mai doro yana da wani hali mara kyau. Yana cikin ɗagawa yana neman kifewa, gabansa ya yi ƙasa, bayansa ya yi sama. In aka sake shi shi kaɗai a iska, adungure zai yi ta yi har ya kai ƙasa.

Ga kuma batun nauyi. Kowane jirgi yana da wuri guda wanda in aka rataye shi daga nan zai tsaya daidai, bai rinjaya gaba ba, bai rinjaya baya ba. Wannan wurin shi ne cibiyar nauyi. Da gangan masu ƙira suke ajiye ta ɗan gaba kaɗan da inda fiffike yake ɗagawa, don hancin jirgi ya riƙa ɗan rinjaya ƙasa, sannan ƙananan fikafikan jela su danne bayan jirgin su daidaita rinjayen. Da yake suna can nesa da cibiyar, ɗan ƙarfi kaɗan ya ishe su. Idan iska mai ƙarfi ta ɗaga hancin jirgi, jelar za ta yi ƙasa, iska ta buge ta ta ƙasa ta mayar da ita sama, hanci ya koma inda yake. Idan hanci ya yi ƙasa, sai akasin haka ya faru. Duk wannan matuƙi bai taɓa komai ba. Ita kuwa doguwar jelar da ke tsaye, aikinta ta hana hanci karkata dama ko hagu.

Me ya sa to ake son raba jirgi da abu mai amfani haka? Saboda duk inda iska ta gogi jikin jirgi tana rage masa gudu, tana ƙara masa shan mai. Ganga ba ta ɗaga wani abin a zo a gani. Jela kuwa ƙasa take dannawa, fiffike ne zai ƙara ƙoƙari ya ɗauki wannan dannawar a kan nauyin jirgin. Tun a 1910 Bajamushe Hugo Junkers ya yi rajistar ƙirar fiffike mai kauri wanda mutane da injuna za su shiga cikinsa. Lissafin mai sauƙi ne a takarda: duk abin da iska za ta goga, ya kasance yana ɗagawa.

Abin mamaki, darasin farko daga daji ya fito. A tsibirin Java na Indonesiya akwai wani tsiro mai yaɗo, dangin duma, da ke hawa manyan bishiyoyi. In 'ya'yansa suka nuna sai su buɗe ta ƙasa, iri ya zubo, kowace ƙwaya da siririn fiffikenta mai faɗin kusan santimita 13. Irin nan yana shawagi ne a hankali, ya yi nisa da gindin uwarsa kafin ya sauka, kuma ba shi da jela. Wani masani Bajamushe, Friedrich Ahlborn, ya yi rubutu a kansa a 1897. Nauyin ƙwayar yana gaba, gefunan fiffiken sun ja baya, sun kuma ɗan lanƙwasa sama.

A Ingila kuma, wani tsohon soja da ya yi yaƙi a Afirka ta Kudu, John William Dunne, ya bi tasa hanyar. A watan Disamba na 1910, a filin Eastchurch, ya tashi da jirginsa mara jela gaban shaidu, cikinsu har da Orville Wright, ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan biyu da suka fara tashi da jirgi mai inji shekara bakwai kafin nan. Dunne yana sama ya saki sandunan tuƙi, ya ɗauko takarda ya yi rubutu, jirgin bai kauce ba. A zamanin da matuƙa ke mutuwa saboda ƙaramin kuskuren hannu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Me ya yi? Ku ba ni hankalinku nan, don nan ne ginshiƙin shirin namu. Abu biyu ya haɗa. Na farko, ya ja fikafikan baya, ta yadda ƙarshensu ya koma can bayan cibiyar nauyi. Na biyu, ya murɗa su. Kusa da tsakiya fiffiken yana fuskantar iska da gabansa a ɗage, yana ɗagawa sosai. Yayin da ake tafiya zuwa ƙarshe murɗin yana sunkuyar da gaban kaɗan-kaɗan, har ƙarshen ya zama ba ya ɗaga komai sosai, wani lokaci ma ƙasa yake ɗan dannawa. Ga abu can bayan cibiyar nauyi yana danna ƙasa: ai aikin jela ke nan. In hanci ya ɗaga, ƙarshen fikafikan ya sami iska ta ƙasa, ya ɗaga bayan jirgin, hanci ya sauko. Ashe jelar tana nan, raba ta biyu aka yi aka kai ƙarshen fikafikai.

Murɗin yana da wata fa'ida ta biyu mai ceton rai. Kowane fiffike in aka ɗaga gabansa fiye da kima, iska takan daina bin bayansa, ɗagawa ta yanke. A fiffike murɗaɗɗe tsakiya ce ke fara yankewa, kuma tsakiyar tana gaba, don haka hanci ya sunkuya, jirgi ya ƙara gudu ya farfaɗo. Da ƙarshen ne ya fara yankewa, da bayan jirgin ne zai faɗi, hanci ya ƙara miƙewa sama, abu ya ƙara lalacewa.

Akwai hanya ta biyu ga wanda ba ya son jan fiffike baya: a lanƙwasa bakinsa na baya ya ɗan kalli sama, yankin bayan fiffiken ya riƙa danna ƙasa. Bafaranshe Charles Fauvel ya ƙera jirage marasa inji a kan wannan dabara, masu sha'awar shawagi suka yi ta ƙera su a ƙasashe da dama.

Ko ta wace hanya aka bi, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Yankin fiffiken da aka ba aikin jela ya rage aikin ɗagawa, don haka dole fiffiken ya fi girma. Kuma tazarar da ke tsakaninsa da cibiyar nauyi gajeriya ce, ba kamar ta doguwar ganga ba, saboda haka ba a wasa da lodin irin wannan jirgi. Kaya ko mai ya ɗan matsa baya fiye da ƙa'ida, natsuwar ta tafi. Sauran jirage suna da manyan alluna a bayan fiffike da suke saukewa lokacin sauka don su iya rage gudu, allunan suna kifar da hanci, jela ta tare. Jirgi mara jela ba shi da mai tare masa, don haka ba ya iya cin moriyarsu sosai.

Tuƙin kansa da wasu alluna masu hinji ake yi a bakin fiffike na baya. Na dama da na hagu suka ɗaga tare, hanci ya yi sama. Suka sauka tare, hanci ya yi ƙasa. Ɗaya ya ɗaga ɗaya ya sauka, jirgi ya kishingiɗa gefe guda.

[KIƊA KAƊAN]

Amma ba a nan gizo yake saƙa ba. Babbar matsalar ita ce ta dama da hagu. Fiffiken da aka ja baya yana ɗan gyara kansa, domin gefen da ya shiga gaba yana ƙara fuskantar iska, iskar ta mayar da shi. Sai dai gyaran ba shi da ƙarfi, hanci yakan yi ta lilo, dama, hagu, dama, kafin ya tsaya. Ga kuma wani abin takaici da ya dami 'yan'uwan Wright tun farko. In matuƙi yana son juyawa dama, fiffiken hagu ne zai ƙara ɗagawa, kuma fiffiken da ya ƙara ɗagawa iska ta fi jansa baya. Sai hanci ya nufi hagu alhali dama ake so. A sauran jirage tsayayyiyar jela ce ke maganin wannan.

Maganin da masu fiffike zalla suka samo, Sarkawan Yawuri sun san shi. Mai kwale-kwale in yana son ya juya, yakan tsoma filafili a ruwa gefe guda ya riƙe, ruwa ya ja wannan gefen, goshin jirgi ya juyo. Haka ake sa wani allo biyu-a-haɗe a ƙarshen kowane fiffike, wanda ke buɗewa sama da ƙasa lokaci guda. In na dama ya buɗe, iska ta riƙe gefen dama, hanci ya juya dama. Yana aiki, amma birki ne, kuma duk birki yana cin wani abu daga ribar da aka cire jela dominta.

A Jamus, wasu matasa biyu 'yan gida ɗaya a birnin Bonn, Walter da Reimar Horten, sun ƙera jirginsu na farko mara inji a gidan iyayensu a 1933. Ba su yarda da kowane irin tsayayyen allo a jikin jirgi ba. Yaƙin duniya na biyu ya kai su ga ƙera jirgin yaƙi mai injin jet biyu, wanda aka sani da Ho 229, da bututun ƙarfe da katako. Ranar 18 ga Fabrairu 1945 inji ɗaya ya mutu a lokacin gwaji, jirgin ya faɗi, matuƙinsa Erwin Ziller ya rasu. Sojojin Amurka sun kwashe wanda ba a gama ƙerawa ba, yana nan yau a gidan tarihi na Smithsonian kusa da Washinton. Za ku ji ana yaɗa cewa an cuɗa gawayi a gam ɗinsa don ya ɓace wa rada. Masu adana shi sun binciki katakon, ba su sami abin da ya tabbatar da haka ba. Abin da 'yan'uwan suka yi na gaskiya ya isa a yaba, ba ya bukatar ƙari.

A Amurka kuwa, mutum ɗaya ne ya ɗauki abin a ka: Jack Northrop. Ya fara da ƙaramin jirgi a 1940. A watan Yuni na 1946 ƙaton jirginsa XB-35 ya tashi da injuna huɗu masu farfela, faɗinsa daga ƙarshe zuwa ƙarshe mita 52. Farfelolin suka yi ta ba da matsala, aka sauya su da injin jet takwas, aka kira shi YB-49, ya tashi a Oktoban 1947. Ranar 5 ga Yuni 1948 ɗaya daga cikinsu yana cikin gwaji a hamadar Kalifoniya, sassan fikafikansa na waje suka ɓalle, mutum biyar da ke ciki suka mutu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Kyaftin Glen Edwards, wanda sansanin gwajin jirage na wurin yake ɗauke da sunansa har yau.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suka kashe aikin shi ne lilon nan na hanci. Jirgin jefa bom ne, mai saiti yana bukatar ya tsaya cik, shi kuwa yana ɗaukar lokaci kafin ya natsu. Rundunar sojan sama ta zaɓi wani jirgin mai jela, aka daddatsa na Northrop aka sayar a matsayin ƙarafa. Northrop ya bar kamfaninsa ba da jimawa ba. Sai a Afrilun 1980, yana da shekara 84, a kan keken marasa lafiya, aka ba shi izinin ganin wani abin sirri: ɗan samfurin sabon jirgi, fiffike zalla. Ya rasu a Fabrairun 1981. Jirgin da ya ga samfurinsa, B-2, ya tashi ranar 17 ga Yuli 1989, kuma faɗinsa mita 52 ne, daidai da na YB-49.

Abu biyu ne suka sauya a tsakani. Na farko rada. Inda tsayayyiyar jela ta haɗu da kwantacciya akwai kusurwa, kuma kusurwa tana mayar da siginar rada kai tsaye inda ta fito. Jirgin da ba shi da jela ba shi da wannan kusurwa, injunansa kuma a binne suke cikin fiffike. Siffar da aka nema don tsimin mai sai ta zama siffar ɓuya, kuɗi kuma suka ɓalle. Guda 21 kacal aka ƙera, in aka raba kuɗin aikin gaba ɗaya kowanne ya tashi kimanin dala biliyan 2.

Na biyu kwamfuta. A B-2 hannun matuƙi ba ya haɗe da allunan tuƙi. Yana faɗa wa kwamfuta abin da yake so, ita kuma tana karanta gudun iska da kusurwarta, tana motsa allunan sau da dama cikin kowace daƙiƙa, tana kashe lilon tun bai fara ba. Tsarin ninki huɗu ne, in ɗaya ya lalace saura su riƙe. Aikin jela ya sake ƙaura, wannan karon zuwa cikin lissafi.

Lissafi kuwa sai da abin da aka ba shi. Ranar 23 ga Fabrairu 2008, a sansanin Andersen da ke tsibirin Guam, danshi ya shiga uku daga cikin na'urori 24 da ke auna iska a jikin wani B-2. Aka saita su a kan awon da ba daidai ba. Jirgin na barin ƙasa kwamfutar ta ɗauka hancinsa yana sunkuye, ta ɗaga shi da kusan digiri 30. Gudunsa bai kai ba, ɗagawa ta yanke, fiffiken hagu ya taɓa ƙasa. Matuƙan biyu sun fice da kujerun tsira, jirgin ya ƙone. An ƙiyasta asarar a kan dala biliyan 1.4.

[KIƊA KAƊAN]

Ko akwai maganin lilon da ba ya bukatar birki ko kwamfuta? Ku ɗaga kai ku dubi shirwa ko ungulu suna kewaya saman kasuwa. Suna da bindi a kwance, amma ba tsuntsun da ke da tsayayyen allo a bayansa, kuma suna juyawa lafiya lau. Wani injiniyan hukumar NASA, Albion Bowers, ya daɗe yana bin wannan tambaya a cibiyar da ke cikin sansanin Edwards ɗin nan. Ya koma kan wata takarda da masanin Jamus Ludwig Prandtl ya wallafa a 1933, wadda ta ce a tara ɗagawa a tsakiyar fiffike, ta riƙa raguwa a hankali har ta ƙare tun kafin a kai ƙarshe sosai. Reimar Horten ma irin wannan rabon ya yi aiki da shi. In aka yi haka, iskar da ke kusa da ƙarshen fiffike sama take hawa, kuma fiffiken da ke cikin iska mai hawa ana ɗan jansa gaba. Saboda haka gefen da ya ƙara ɗagawa shi ne zai shiga gaba, hanci ya bi inda ake so da kansa. Bowers da ɗalibai sun ƙera ƙananan jirage marasa inji suka gwada, suka wallafa sakamakon a 2016. A ganina wannan ne aiki mafi kyau a duk tarihin nan, kuma shi ne aka fi kashe wa kuɗi kaɗan.

Abin da ke damuna shi ne inda siffar ta fi samun gindin zama. B-2 makamin yaƙi ne. Daga jihar Mizuri ya tashi a 2011 da kuma 2017, yana shan mai a sama, ya jefa bama-bamai kusa da Sirte a Libiya, maƙwabciyar Nijar, ya koma gida bai sauka ko'ina ba. Magajinsa B-21 ya tashi a Nuwamban 2023. Amma siffar tana da wani aikin da ya fi kusa da bukatunmu. Akwai ɗan jirgi mara matuƙi mai suna eBee da wani kamfanin Suwizalan ya ƙera, fiffike zalla na soso mai tauri, bai kai kilo ɗaya ba, da hannu ake cilla shi, da cikinsa yake sauka. Da irinsa ɗaliban jami'a a Zanzibar suka ɗauki hotunan taswirar tsibirinsu daga 2016. Ba shi da jelar da za ta karye, ya shiga jaka. Garuruwan da ke fama da ambaliya da rikicin filaye suna bukatar irin wannan taswira.

Jirgin fasinja kuwa da sauran tafiya. A can sama dole a matsa iska cikin ɗakin fasinja, kuma ganga mai zagaye ita ta fi jure matsi ba tare da ƙarin ƙarfe ba. Ɗaki mai faɗi a cikin fiffike yana bukatar ƙarin nauyi. Yawancin kujeru za su rasa taga. Wanda ke zaune can gefe zai ji hawa da sauka sosai duk lokacin da jirgi ya kishingiɗa. Doka kuma ta ce a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofi.

Duk da haka ana ta gwadawa. Jami'ar Delft ta Holan, da tallafin kamfanin KLM, tana aiki a kan jirgi mai rassa biyu da suka ja baya, fasinjoji kusan 314 a cikin rassan, da hasashen zai rage shan mai da kashi 20 cikin ɗari idan aka gwada shi da Airbus A350. A 2020 suka tashi samfurinsa mai faɗin mita 3 da nauyin kilo 22.5 a wani sansani a Jamus. Ya tashi, ya zagaya. Masu aikin da kansu suka bayyana abu biyu da gwajin ya nuna musu: cibiyar nauyi ta ɗan yi baya fiye da yadda suka lissafa, kuma jirgin yana lilo, abin da ya sa saukarsa ba ta yi laushi ba. A kan waɗannan biyun suka koma aiki.

Nan za mu dakata a shirin namu na yau. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

[KIƊAN RUFE SHIRI]